Sautu: Tsohuwar Dabarar Maraɗi da Sababbin Na'urori Suka Tarar

Da hantsi, a ƙofar injin niƙa na kowace unguwa a Maraɗi, kwanuka ne ke bin layi. Yarinya za ta zo da tiya biyu na gero a ka, ta sauke a bayan kwanon da ta tarar, ta kifa faifai a kai, ta ce wa mai injin a yi mata laushi, ta juya abinta. Ɗiban ruwa na jiranta, ga talla, ga makarantar allo. Mai injin kuwa ya san kwanon kowane gida: wannan da lotsawar gefensa, wancan da ƙyallen atamfar da aka ɗaure bakinsa. Yana zubawa ɗaya bayan ɗaya, farar ƙura ta rufe masa gira, wanda ya gama ya tura shi gefe. Kafin azahar masu kwanuka sun dawo, kowa ya ɗauki nasa.

A cikin wannan ɗan al'amari akwai dabarar da garin ya daɗe yana cin abinci da ita: ka ba da aiki, ka san hannun da ka sa shi, ka tafi ka kama wani, ka dawo ka karɓa. A kasuwa sunanta sautu, wato ka damƙa wa mai tafiya kuɗi ya sayo maka abin da kake so. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Duk da haka, wanda ya bi tarihin dukiyar Maraɗi zai tarar a kan saƙo aka gina ta, kuma tambayoyin da 'yan kasuwarta suka shafe ƙarni biyu suna amsawa su ne yau ke gaban masu rubuta manhajar ƙirƙirarriyar basira: wa zai yi aikin, a gidan wa, me za a yi kafin ya gama, kuma yaya za a tabbata an yi shi daidai.

Maraɗi gari ne da aka kafa da jira. A 1807 Katsina ta faɗa hannun mayaƙan jihadi, gidan sarautar Haɓe ya watse, ɗan gidan, Ɗan Kasawa, ya yi gudun hijira wajen Damagaram. Sai wajen 1819, bayan mutanen kwarin Gulbin Maraɗi sun yi bore sun kashe Mani, wakilin sababbin masu mulkin Katsina, aka aika masa ya zo. Ya zauna a Maraɗi da sarautar Sarkin Katsina, shi da magadansa suna sa ran wata rana su koma birnin kakanninsu. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Garuruwa biyu na masu gudun hijira, kafaɗa da kafaɗa, kowannensu yana rayuwa da labarin da manzanni da 'yan leƙen asiri ke kawowa daga kudu. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi mulkin Maraɗi daga 1852 zuwa 1875, sanin inda rundunar abokan gaba take da sanin hanyar da ayari zai bi lafiya abu ɗaya ne.

Fataucin wancan zamani ba ya yiwuwa sai da haƙuri. Ayarin Buzaye mai kawo gishirin Bilma da dabino sau ɗaya yake saukowa a shekara. Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa Gwanja neman goro sukan yi watanni a hanya a bayan madugunsu. Wanda ya ba falke sautu ba ya zama a ƙofar gari yana hangen ƙura. Yakan koma gonarsa, ya yi shuka, ya yi noma, ya yi girbi, watakila ma ya aurar da 'ya, kafin jakuna su dawo. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne shaidu, da sunan gidan da falken ya fito, da tsoron abin kunya.

Turawa suka zo suka ja iyaka. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na farkon ƙarni na 20 suka bar Maraɗi da Tibiri a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, wadda ta zama hedikwatar mulkin yankin a 1927. A nan ne sautu ya tashi daga al'adar maƙwabta ya zama tsarin da ke juya tattalin arzikin ƙasa.

Ga yadda abin yake tafiya. Da kaka ta yi, kamfani zai ba amintaccen ɗan kasuwa kuɗi tun kafin a ga ƙwaya ɗaya. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, kowa ya nufi kasuwar ƙauyen da aka ba shi da sikeli da buhunan wofi. Manomi ya kawo gyaɗa, a auna, a biya. Jakuna da raƙuma su kwaso zuwa gari, a ɗinke buhuna, a jera su, mota ta ɗauka zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai Ikko, jirgin ruwa ya kai Faransa. Mataki shida ko bakwai, kowanne yana jiran na bayansa, kuma a lokaci guda ana yin irinsa a kasuwanni da dama. Maigidan da ke zaune a zaurensa a Maraɗi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin sikelin nan. Abin da ke hannunsa lissafi ne, a ka ko a ɗan littafi da ajami: wane ya karɓi kaza ranar kaza, buhu kaza ake bin sa. In yaro ɗaya ya makara, sauran ba sa tsayawa. In wani ya dawo da gibi, an san daga wace kasuwa gibin ya fito.

Emmanuel Grégoire, masanin nan Bafaranshe da ya wallafa littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya mai da hankali sosai ga wannan dangantaka ta ubangida da bara. Ya nuna cewa a idon mutanen garin, girman ɗan kasuwa yana ga arzikin mutane da yake da shi, wato yawan waɗanda zai iya aika su tafi su dawo da amana. Mai yara talatin yana cin kasuwa talatin a rana ɗaya, yana zaune a kan buzunsa.

Sai dai akwai wani gefen. Duk wannan sarƙa, bakinta na ƙarshe yana hannun wasu. Farashi daga waje ake yanke shi, matatun mai suna can ƙetaren teku, hanyar kuma ta ratsa ƙasar wani Bature daban mai kuɗinsa da kwastansa. Ƙoƙarin jawo wani ɓangare na aikin zuwa gida ya fara da wuri: a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka kafa matatar man gyaɗa ta Siconiger a Maraɗi. Shekaru uku bayan haka, a 1945, Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke kwari, aka tashi aka hau tudu, aka yanka sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu inda manyan motoci za su iya shiga. A 1953 Faransawa suka buɗe hanyar fitar da gyaɗa ta Faraku da Kwatano don rage dogaro da layin Kano. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta karɓi ragamar cinikin gyaɗa, 'yan kasuwar gida kuma suka samu ƙarin fili a matsayin masu saye.

Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, hanyoyin kudu suka rikice, kayan da ke saukowa ta Kwatano suka riƙa bi ta Maraɗi suna shiga arewacin Najeriya. Waɗanda a da suke karɓar kuɗin kamfani su je ƙauye, yanzu su ne ke yin odar kaya daga waje da sunansu. Lokacin da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, Alhazai sun riga sun koma kan atamfa da taba da hatsi da shanu. Abin da suka tsira da shi daga zamanin gyaɗa shi ne sarƙar mutanensu da iya riƙe aike goma a ka lokaci ɗaya.

Mata sun yi nasu a bayan katanga. Matar da ke cikin kulle tana soya gyaɗa, ta aika a niƙo, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli, ta ɗora wa yarinya tire, ta ba maƙwabcin da zai je kasuwar Tibiri sautun wata gyaɗar, duk tana kan kujerar tsakar gida tana iza wuta. Tunkuzar tana hannunta, tukunyar tata ce, ribar tata ce. Abin da take aikawa waje kawai shi ne abin da ba ta da na'urarsa.

Labari ma haka ya yi ta tafiya. Akwai zamanin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, wanda ake faɗa wa magana da Hausa ya rubuta da Faransanci ko ajami. Akwai zamanin kaset, lokacin da ɗan ci-rani zai zauna gaban rikoda ya gaida kowa da sunansa, tun daga Baba har autan gida, ya ba mai komawa gida ya kai. Akwai direbobin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, waɗanda aljihunsu ya ɗauki kuɗi da takardu da magani na mutanen da ba su taɓa sanin sunansu na yanka ba. A 2001 Celtel ta kawo salula Nijar, Maraɗi na cikin garuruwan farko da suka samu. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dillalin da a da sai ya hau mota ya je ya ji nawa ake sayar da buhun gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi.

Amma ko da waya ta zo, mutanen gari ba su saki tsohuwar hanya ba. Abin da ya fi karɓuwa a WhatsApp shi ne saƙon murya: ka faɗi maganarka, ka tura, ka sa wayar a aljihu, wancan ya saurara sa'ad da ya samu sarari ko ya samu layi. Kaset ne ya dawo a cikin sabuwar riga.

Su ma na'urori da layin kwanuka suka fara. A shekarun 1950, mai son kwamfuta ta yi masa lissafi a Amurka ko Ingila yakan huda katuna, ya miƙa wa mai kula da na'ura, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi takardar amsa. Da kwamfuta ta yi sauri, aka saba da manhajar da ke ba da umarni ta tsaya cik har amsa ta zo. Wannan ya yi daidai muddin amsar ba ta ɗaukar lokaci. Intanet ya canja lissafin, domin manhaja ɗaya tana iya jiran amsa daga wurare dubu. Sai aka koma wa dabarar sautu. A 2009 Ryan Dahl ya fito da Node.js, wanda aka gina shi kacokan a kan kada a tsaya jira. Harshen Python ya samu nasa tsarin, asyncio, a 2014. A cikin JavaScript, ɗan abin da manhaja ke riƙewa bayan ta ba da aiki, wanda za ta nuna ta karɓi sakamako, sunansa da Turanci yana nufin alƙawari. Alƙawarin yana iya cika, yana iya karyewa, kuma wajibi ne mai rubuta manhajar ya tanadi abin da za a yi a kowane hali. Duk Bamaraɗen da ya taɓa ba da sautu ya san alƙawari kaya ne.

Ƙirƙirarriyar basira mai samar da rubutu da hoto da murya ta sa wannan dabara ta zama dole. A Agustan 2022 aka saki Stable Diffusion mai zana hoto daga bayani, a Satumba Whisper mai mai da magana rubutu, wanda Hausa na cikin harsunan da aka sa masa, a ranar 30 ga Nuwamba kuma ChatGPT. Waɗannan na'urori suna da nauyin jiki. Amsa ɗaya tana iya cin daƙiƙoƙi ko mintoci, kuma aikin gaske ba ya ƙarewa a mataki ɗaya. A ɗauki misalin manhajar da za a rubuta wa dillalin hatsi: saƙon murya ya shigo daga yaronsa da ke ƙauye, mataki na farko ya mai da shi rubutu, na biyu ya tsamo yawan buhuna da farashi, na uku ya rubuta takardar ciniki da Faransanci. Kowane mataki yana jiran na bayansa, kamar sikeli da jaki da mota. In saƙo arba'in suka shigo da safe, manhajar da ke tsayawa kan kowanne za ta daskare a hannun mai ita. Wadda aka gina a kan sautu za ta jera su, ta ci gaba da amsa maigidan, duk wanda ya nuna ta miƙo masa. ComfyUI, wanda ya fito a farkon 2023, ya shahara ne a kan haka: mutum ya ɗaura matakan aikin hoto da juna kamar igiyar raƙuma, ya sa su a layi.

Dabarar ba ta ƙara wa injin sauri. Mutanen Jiratawa, kusa da Maraɗi, sun san wannan tun farkon shekarun 1980, lokacin da aka shimfiɗa musu filin noman rani na kusan kadada 500 mai shan ruwan rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki. Ruwan da famfo ke iya ɗagowa yana da iyaka, don haka kowane rukunin manoma da ranarsa da sa'arsa. Wanda layinsa bai zo ba yana can yana cire ciyawa ko yankan zogale. Haka ƙwaƙwalwar na'urar da ke ɗaukar nauyin irin wannan lissafi take: guda ce, mai tsada, ayyuka na bin layi a gabanta. Abin da tsari mai kyau ke yi shi ne hana famfon zama banza, da hana mai jira zaman banza.

Saura tambayar Siconiger: a gidan wa za a matse man? Hanya ɗaya ita ce a tura kowane aiki ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani a Amurka ko Turai, a biya da kuɗin waje gwargwadon amfani. Ɗaya hanyar ita ce a dasa injin a cikin manhajar kanta, a matsayin ƙunshin umarni da take kira kai tsaye, ba tare da wata kwamfuta ta daban a tsakani ba. Wannan ma tsohuwar hanya ce. SQLite, ma'ajiyar bayanai da Richard Hipp ya rubuta a 2000, haka take zaune shiru a cikin kowace wayar Android da iPhone da ke kasuwar Maraɗi. A Maris na 2023 Georgi Gerganov, ɗan ƙasar Bulgeriya, ya saki llama.cpp, wanda ya nuna cewa ana iya tafiyar da na'urar harshe a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, babu intanet.

Kowace hanya da kuɗinta. Injin kamfani ya fi ƙarfi, amma sirrin cinikinka yana fita daga gida, kuma ranar da hanya ta yanke aiki ya tsaya. Injin gida yana son na'ura mai ƙarfi da wuta tsayayya, kuma ƙananan na'urorin harshe da ke iya zama a cikinta sun fi rauni a Hausa. Mutanen Maraɗi sun ɗanɗana yankewar hanya fiye da sau ɗaya: Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakar kuma aka datse wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda layin Katsina zuwa Gazawa ke kawo wa Maraɗi da Damagaram. Teloli da masu walda da masu ƙanƙara suka koma kan janareta, masu hali suka ɗora faifan hasken rana a kan rufi. Ba a warware ba sai a Maris na 2024, kuma a cikin wannan watan, ranar 14, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari layinsu na rarrafe. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke koyon rubuta manhaja a garin sun ga waɗannan watanni da idonsu, kuma duk abin da za su gina wa 'yan kasuwar garinsu zai ɗauki wannan darasi a ciki.

Akwai abu na ƙarshe da tsofaffin Alhazai ba su taɓa sakaci da shi ba: buhun da yaro ya kawo, sai an sake ɗora shi a sikeli. Na'urar harshe tana iya kawo amsa mai santsi wadda ba daidai ba ce, kuma Hausar kasuwar Maraɗi cike take da ramukan da baƙo zai faɗa. A nan dala tana nufin sefa biyar. Dala ashirin sefa ɗari ke nan, jika kuma sefa dubu. Na'urar da ta koyi Hausarta daga labaran rediyo da jaridun Najeriya tana iya jin "dala hamsin" ta rubuta kuɗin Amurka. Tiya ma'auni ce, gujiya gyaɗa ce, rabin kalmomin ofis kuma daga Faransanci aka aro su. Saboda haka mai gina irin wannan manhaja yana bukatar ya sa wa sarƙarsa matakin da mutum zai duba kafin takarda ta fita, ya kuma ajiye lissafin kowane aike yadda in gibi ya fito za a san daga wane mataki ya fito.

A kudu da garin, ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, shekaru ɗari da goma bayan jirgin da ya fara jan gyaɗar Maraɗi ya tsaya a Kano. A cikin unguwa kuwa azahar ta yi, yarinyar ɗazu ta dawo da tiren tallarta a hammata. Ta gane kwanonta a cikin goma sha biyu, ta ɗaga faifan, ta ɗebi garin da yatsu uku ta murza. Ta ɗan tsuke baki, ta ce, "Baba, bai yi laushi ba." Mai injin ya karɓa, ya murza shi ma, ya ɗaure dutsen kaɗan, ya sake juye kwanon a bakin injin.